Jarfar da Aka Bari Rabi

Ranar da jikata Fuatino ta buɗe baki ta ce wa ubanta Saipele take so, ina gindin ginshiƙi ina saƙar tabarma. 

Ɗana Manase ya ajiye kofinsa a hankali.

"Wa kika ce?"

"Saipele, Baba."

"Mai guntun pe'a, wanda ya bar jarfarsa rabi?"

"Sunansa Saipele."

"Namiji ba shi da sunan da ya wuce abin da ya aikata," in ji Manase. "Dangin Aukuso sun tako har gidan nan, sun zauna, sun nemi aurenki cikin mutunci. Ni da nake riƙe da sarautar gidan nan, in zauna cikin manya, a ce surukina shi ne wanda ya tashi daga tabarmar tufuga mai buga jarfa ya ranta a na kare?"

Hawaye suka zubo wa Fuatino, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Mace ce da ta mallaki hankalinta, malamar makaranta, yaran ƙauyenmu rabi ita ta koya musu karatu. Sai dai a gaban uba, kowa yaro ne.

"Baba, yana da ƙuruciya a lokacin."

"Aukuso fa? Da furfura ya kwanta?"

To, nan ne maganar take da ciwo, don gaskiya Manase ya faɗa.

A nan tsibirinmu na Savai'i, ba a kwanciya wa pe'a mutum ɗaya. Jarfar da za ta rufe namiji tun daga ƙugu har gwiwa, azabarta ta fi ƙarfin kai ɗaya, shi ya sa kowa yake da soa, abokin kwanciya, su raba zafin tare. Saipele da Aukuso tare suka kwanta, aminai ne tun suna wasan ƙasa. Tufuga ya gama musu baya, ya gama haƙarƙari, ya sauko cinya. Ranar da matajin ƙashin da ake buga jarfar da shi ya kusa gwiwa, Saipele ya ce bari ya je teku ya wanke jini.

Ba a sake ganinsa ba. Sai labari aka ji an gan shi cikin jirgin ruwa, daga baya aka ce yana New Zealand yana tsinkar tuffa.

Aukuso shi kaɗai ya ƙarasa, tabarmar kusa da shi wayam. Uwar Saipele kuwa ta daina zuwa taron mata, a coci ma can baya take raɓewa. Da ya dawo bayan shekaru, ba wanda ya taɓa ganin bayansa. Da riga yake noma, da riga yake su, da riga yake shiga teku, kamar mai jegon da ake gudun iska ta kama.

Wannan shi ne mutumin da jikata ta ce ko shi ko rijiya.

Bayan kwana biyu muna wanki a bakin maɓuɓɓuga, sai ga shi ya ɓullo ta cikin ayaba. Ya gaishe ni da ladabi, na amsa da ka na ci gaba da cuɗa zane. Amfanin tsufa ke nan, kowa yana zaton kunnenka ya mutu.

"Tino," ya ce ƙasa-ƙasa, "jirgin safe yana tashi jibi. Mu tsallaka birnin Apia. In muka yi wata guda tare, dole su haƙura. Ba mu muka fara ba, rabin auren ƙauyen nan da gudu aka yi shi."

Fuatino ta tsura masa ido har sabulu ya suɓuce daga hannunta.

"Jirgin safe," ta maimaita. "Shi dai wannan jirgin?"

"Tino..."

"Ashe har yanzu hanya ɗaya ka sani? Wancan karon kai kaɗai ka gudu, uwarka ta biya da fuskarta. Yanzu so kake ka ɗauke ni, ubana ya biya da tasa?"

"Ina son ki, Allah ya sani!"

"Na sani. Da ban sani ba, da ba na wannan kukan." Ta share ido da bayan hannu, kumfa ta shiga mata, kukan ya ƙaru. "Amma gaya min, ran da na kwanta naƙuda abin ya yi tsanani, wane jirgi za ka hau? Ran da ɗanmu ya yi ciwo fa? Ran da guguwa ta kwashe rufin ɗaki?"

Ya zauna a kan dutse.

"Ba ki san zafin nan ba," ya ce. "Ba ni da wani uzuri, Tino. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya kira ni. Tsoro na ji. Har yau in na ji ana fasa kwakwa, ƙwas-ƙwas, sai in ji kamar mataji ne yake sauka a jikina."

"Yau ka faɗi gaskiya," in ji ta. "Ba zan bi ka jirgi ba, Saipele. Amma in tabarma za ka koma, zan bi ka."

Na matse zanena na ce, kamar da iska nake magana, "Mutane suna cewa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Wannan dai ba ta naɗuwa sai an koma an kwanta a kanta."

Ya zabura. "Kaka, kina ji ashe?"

"Ni? Tun bara rabona da ji."

Washegari Saipele ya ɗauki uwarsa suka tafi ƙauyen tufuga. Ita ce ta ba ni labari. Ta ce tsohon ya bar su zaune a rana har inuwa ta juya, sannan ya ce wa Saipele ya cire riga. Ya daɗe yana kallon aikin hannunsa da aka wulaƙanta, jarfar ta koɗe ta koma shuɗi-shuɗi, ta tsaya cak a tsakiyar cinya kamar gadar da ba ta kai gaɓa ba.

"Zan ƙarasa," ya ce. "Ba don kai ba, don aikina da yake yawo tsirara. Amma ba na ɗaga sanda babu soa. Nemo wanda zai yarda ya kwanta kusa da kai."

Wa zai yarda? Samarin ƙauye dariya suka yi. Wani ya ce sai dai a ɗaure shi da igiyar kwalekwale tukuna.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga cin abincin rana, Fuatino ta matso gaban ubanta ta zauna.

"Baba, izini nake nema. Zan kwanta a yi min malu, jarfarmu ta mata. Ni ce soa ɗinsa."

Manase ya miƙe tsaye, har faifan gwaza ya kife.

"Jininki da nasa a rumfa ɗaya? Ki kwanta, ya tashi ya bar ki kamar yadda ya bar Aukuso, duk tsibirin nan a mayar da ni abin waƙa?"

"In ya tashi, Baba, ba za ka sake jin sunansa a bakina ba. Da ƙafata zan je in gaida dangin Aukuso. Ba kai ka sa ni ba, ni na faɗa."

"Ba ki san abin da kike faɗa ba."

"Na sani. Rayuwata na ajiye a kan tabarmar nan." Kuka ya ci ƙarfinta, ta kama ƙafarsa. "Baba, kai ka koya min cewa ba a yanke wa itace hukunci da ɗanyen 'ya'yansa. Ka bar shi ya nuna. In ruɓaɓɓe ne, ni ma gara in gani da idona tun kafin in haɗiye."

Ya juyo gare ni. "Inna, ba za ki yi mata magana ba?"

Na ɗan ja zanena sama da gwiwa. Malu ɗina yana nan, duk da fatar ta yamutse, taurarin sun koma kamar an zana su a busasshen ganyen taba.

"Manase, pe'a maganar maza ce, ban sa baki ba. Malu kuwa na mata ne. Daga cinyoyin nan ka fito, kuma ranar ba ka nemi izinin kowa ba. Yarinya ta isa. Ni zan riƙe mata kai."

Ya koma ya zauna.

"Ba zan taka rumfar ba," ya ce daga ƙarshe. "Amma na ji alkawarinki, kuma ginshiƙan gidan nan sun ji."

Ranar da aka fara, an shimfiɗa tabarmi biyu gefe da gefe. Tufuga ya zauna da matajansa a jere cikin akushi, ga tawada baƙa ƙirin. Mataimakansa suka ja fata ta miƙe. Mu mata muka zauna daga gaba, don ba a zama bayan tufuga, muka ɗauki waƙar lallashi.

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Da Fuatino aka fara. Bugun farko ta ƙanƙame hannuna har na ji ƙashina ya yi ƙara.

"Kaka! Wayyo Kaka, wuta ce!"

"Wuta ce mana, da kin zaci man kwakwa ne? Saurara, 'yar nan. Kin ga yadda masunta suke shiga mashigin murjani? Wanda ya yi kokawa da igiyar ruwa, shi take kifarwa. Ki bar ta ta zo, ta ɗaga ki, ta wuce. Kada ki yi tunanin wadda take tafe. Wannan ɗaya kawai."

"In ta wuce fa?"

"Wata ta zo. Sai dai wadda za ta tarar ba ke ba ce ta ɗazu."

Ban san Saipele yana saurare ba, sai da na ga leɓensa yana motsi.

Malu ba ya daɗewa kamar pe'a. Kafin a jima an gama wa Fuatino, ta tashi tana tafiya kamar agwagwa, ina tsokanarta. Amma kullum tana nan, zaune daidai kan Saipele, tana yi masa fifita tana korar ƙuda. Kwana ya bi kwana. Da hantsi a buga, da la'asar a kama shi a kai shi teku a wanke, ruwan gishiri ya shiga ciwo ya yi ta cije zane. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Bai tashi ba.

Sai ranar gwiwa.

Duk wanda ya san pe'a ya san gwiwa. Babu nama a wurin, mataji a kan ƙashi yake sauka, zafin ya bi ɓargo ya fito ta haƙori. Ranar rumfar ta cika, har da waɗanda ba waƙa ta kawo su ba. Samari sun jeru a waje, wani har yana cewa a je a tare bakin jirgi.

Tufuga ya ɗora mataji. Ƙwas.

Jikin Saipele ya ɗauki ɓari kamar mai zazzaɓi. Aka sake bugawa, ya yi wani gurnani da ban taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba. A na gaba ya fizge ƙafa, ya dogara gwiwar hannu, ya ɗago.

Waƙa ta mutu a bakinmu.

"Saipele," in ji Fuatino, muryarta kamar zare. "Saipele, dube ni."

Bai dube ta ba. Hanya yake kallo, wadda ta gangara bakin teku. Uwarsa ta rufe fuska da zane. Tufuga ya ajiye sanda ya naɗe hannu.

Sai muka ga mutanen waje suna darewa.

Aukuso ne.

Ba riga a jikinsa, ya naɗe zane sama, pe'a ɗinsa baƙi wuluk yana sheƙi da man kwakwa. Na ce a raina, shi ke nan, ya zo karɓar abin da ya faɗo masa. Ya sunkuya ya nemi gafarar tufuga, ya ratsa, ya zauna daidai fuskar Saipele.

"Ina zuwa, aboki? Wankan jini?"

Saipele ya kau da kai.

"Jirgi bai tashi ba tukuna, in ka yi sauri za ka samu. Tashi mana! Ka san me aka yi alkawari. Kana taka waje, ni kuma in aika a fara kama aladun biki."

"Aukuso, don Allah!" in ji Fuatino.

"Yi shiru, malama, tsakanina da soa ɗina ne." Ya matso har goshinsu ya kusa haɗuwa. "Kana zaton ni dutse ne? Ranar da ka gudu, da aka zo gwiwar nan, na yi kuka kamar ɗan akuya, na kira uwata, na jiƙa tabarma, kuma ba da gumi ba. Tambayi tufuga."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Sai da aka sake shimfiɗa."

Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale, ta yi maza ta toshe baki.

"Ka san abin da ya riƙe ni?" in ji Aukuso. "Haushinka. Kowane bugu sai in ce na Saipele ne. Na gama pe'a, amma haushin bai gama da ni ba. Shekara da shekaru ina ɗauke da tabarmar nan taka wayam a ƙirjina. Na gaji, Saipele. Ko yarinyar nan da nake nema, na zauna na tambayi kaina, ita nake so ko kai nake son in ƙwace wa? Amsar ba ta yi min daɗi ba."

Idonsa ya kawo ruwa, bai share ba.

"Kwanta ka biya ni bashin kwanciyata. In haushi kake bukata, ga fuskata, ji haushina. Amma wallahi ba za ka sake barina ni kaɗai a rumfar nan ba."

Ya miƙe ƙafarsa, ya dafa cinyarsa mai jarfa.

Jama'a, na ga haihuwa, na ga mutuwa, na ga guguwar da ta ɗauke rufin coci ta ajiye a gonar kwakwa. Ban taɓa ganin abin da ya sa tsigar jikina ta tashi irin wannan ba. Saipele ya dubi hanya, ya dubi Aukuso, ya dubi Fuatino. Sai ya sauke kansa a hankali, ya ɗora a cinyar mutumin da ya yashe. Ya miƙa gwiwarsa da kansa.

"Wannan ɗaya kawai," ya ce.

Tufuga ya ɗauki sanda.

Aukuso ne ya tada waƙar, da muryarsa mai kama da ta kwaɗo. Muka amsa. Samarin da suka zo kallon gudu, ɗaya bayan ɗaya suka shigo suka zauna, suka amsa. Har rana ta karkata rumfar nan tana amo, ƙwas-ƙwas yana tafiya ƙarƙashin waƙa kamar bugun zuciya, Fuatino tana fifita tana kuka, ba ta ma san tana yi ba.

Daga ranar Aukuso bai sake fashi ba, shi yake goya shi zuwa teku.

Da aka zo ƙarshe, aka buga cibiya, tufuga ya shafa cinyar Saipele inda tsohuwar jarfa mai shuɗi ta haɗu da sabuwa baƙa. Layin a fili yake, makaho ma ya shafa zai ji.

"In kana so in bi ta kan tsohuwar, in ɓoye mahaɗin," in ji shi.

"A bar shi, Baba," in ji Saipele.

Ranar wanke su, aka fasa musu ƙwai a ka, aka shafe su da gangamau da man kwakwa, suka fito rana suna ƙyalli kamar sabon kwalekwale. Uwar Saipele ta yi rawa a gaba, a gaban kowa, har sai da aka riƙe ta.

Sannan manya suka zauna shan ava, jiƙon saiwar da ake sha a zaman manya. Manase yana gindin ginshiƙinsa, fuska ba annuri, rabonsa da yi wa 'yarsa doguwar magana tun ranar alkawari. Fuatino ce take dama ava a akushi, malu ɗinta yana leƙowa a gwiwa. Mai sabon pe'a kuma shi zai kai ƙoƙo.

Aka kira ƙoƙon Manase.

Saipele ya ɗiba, ya taka tsakiyar rumfa, ya kewayo da hannu yadda ake yi wa masu sarauta, ya sunkuya ya miƙa.

Manase bai karɓa ba.

Ƙoƙon yana tsaye a iska. Na ga hannun Fuatino ya ƙame a bakin akushi. Idon ɗana yana kan cinyar yaron, a kan mahaɗin nan.

"Tufuga ya tsufa ne, ya bar aiki da tabo?"

"Ni na roƙa a bari, ranka ya daɗe."

"Don me? Kowa ya gani zai san ka taɓa gudu."

"Shi ya sa." Ko ɗigo bai zuba daga ƙoƙon ba. "Na ɓoye shi cikin riga shekara da shekaru, kuma rigar ta fi mataji zafi. Wata rana ɗana zai tambaye ni wannan layin mene ne. Zan ce masa nan ne ubanka ya gudu, daga nan zuwa ƙasa kuma inda ya dawo ne. In tsoro ya kama shi, ya san akwai hanyar dawowa."



Manase ya miƙa hannu ya karɓi ƙoƙon. Ya ɗiga kaɗan a gefen tabarma, ya ɗaga, ya shanye. Da zai mayar, sai ya riƙe gefensa bai saki ba.

"Wannan ɗan da kake magana," ya ce, "a gidana za a fara yi masa wanka. Ka gaya wa uwarka ta turo manyanku."

Fuatino ta saki kuka a kan akushin ava, abin da ba a taɓa yi ba, kuma ba wanda ya tsawata mata.

Na waiga na hango Aukuso a bayan ginshiƙi yana murza ido, wai hayaƙin murhu ne.

"Kai, mai muryar kwaɗo," na ce, "tunda ka rasa jika, ga kakar nan ba ta da miji."

"Kaka," ya ce, "na jure pe'a, amma ke kin fi ƙarfina."

Saipele kuwa ya juya da ƙoƙon wayam ya koma wurin akushi, bayansa a buɗe, rana tana dukansa, duk ƙauyen yana kallo.